Bugun da Bilya Ya Gyara

Duk mai bin titin da ya gangara daga babbar kasuwar Garwa zuwa bakin kogin Binuwai ya san shagon Bilya, ko da bai san sunan mai shagon ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne tsakanin mai gyaran babur da mai ɗinkin katifa, an manna kwalayen ƙwai a bangonsa don kada ƙarar titi ta shiga, amma tana shiga. A nan Bilya yake haɗa wa mutane kiɗan biki a kwamfuta, da tallan magani na rediyo, da waƙoƙin samarin da suka yarda Allah ya ba su murya alhali bai ba su ba. Yana da hannu a aikin, kuma ba shi da yawan magana. Idan rana ta take, ciniki ya yi sanyi, sai ya rufe kunnuwansa da kask, abin sauraron nan da ake sawa a kai, ya buɗe wani aiki guda wanda ba wanda ya sa shi. Shekara goma ke nan yana buɗe shi. Kiɗan ubansa yake nema a ciki, kiɗan da shi da hannunsa ya lalata.

Uban nasa, Wada, makaɗin mahauta ne, gadon gidansu tun lokacin da kakanninsu suka biyo fataken shanu daga ƙasar Kano suka yada zango a Garwa. Aikinsa ba shi da wuyar faɗi. Da safe, in an gama yanka da fiɗa a kwata, masu ɗaukar nama sukan jeru, kowa da cinyar sa ko haƙarƙari a kai, jini na bin wuyansa, Wada ya shiga gaba da kalangu a hammata, su taka har kasuwa. Kiɗan ne ke gaya wa gari nama ya fito. Ba ya farawa da zafi. Yakan soma ƙasa-ƙasa, bugu ɗaya-ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. In an wuce kwalbati sai ya cusa ƙananan bugu a tsakanin manya. In an hango rumfuna sai ya matse igiyoyin kalangun da hammata, muryarsa ta haura sama, ya riƙe ta can har mutane su ƙosa, sai a daidai ƙofar kasuwa ya sake ta gaba ɗaya. Nan masu kaya kan manta da nauyin da ke kansu. Ladansa tsoka ce daga kowane sa, da ɗan tozo ranar Juma'a.

A shekarar da aka yi babban fari, Bilya yana goye, wani bijimi da aka kawo daga Cadi ya tsinke igiya a kwata ya bi ta kan Wada. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar hagu ta kama, amma ta gajarta. Wata biyar yana kwance. Da ya tashi ya koma gaban masu nama, sai aka ji kiɗan ya canza. A da Wada makaɗi ne kamar kowane makaɗi, ba a yabo ba a zagi. Yanzu kuwa hannunsa yana jiran ƙafar: bugu biyu su tafi daidai, na uku ya ɗan makara kamar ba zai zo ba, sai ya faɗo da nauyi, na huɗu ya yi sauri ya cim musu. Makarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma masu ɗauka suka ce a cikinta ne kaya ke zama a kai, kuma duk wanda ya ji ta sai jikinsa ya karkata gaba ko bai so ba. Akwai wata Dela mai sayar da langaɓu a ƙofar kasuwa, tsarar Wada ce, wadda kafaɗarta ta dama kan kama rawa ita kaɗai tana tsaka da juya tukunya. Mahauta har cewa suke ba sai an kasa kunne ba, a dubi kafaɗar Dela a san nama na tafe.

Duk garin ya san wannan kiɗa ban da ɗan mai kiɗan. Da aka sa Bilya a lekol, wato makarantar boko, hanyarsa ta zo ɗaya da ta masu nama, kuma 'yan ajinsu suka gano ko ɗan wane ne tun makon farko. Yara ba su da imani. Lokacin shan iska sukan jeru a bayansa, kowa ya matse jakar littattafai a hammata yana ɗingishi, suna kiransa ɗan gurgu mai ganga, da Fulatanci da Faransanci, don kada ya ce bai ji ba. Bilya bai kai ƙara ba, bai yi faɗa ba, hanya kawai ya canza. Yakan zagaya ta bayan makabarta, tafiyar da ta ninka ta da, in ya jiyo kalangu daga nesa ya kama karanta darasi da ƙarfi don ya danne shi. Shekara shida yana wannan zagaye. Wada ya sani, don Garwa ba ta ɓoye komai, amma bai taɓa cewa uffan ba. Tsokar da ya samo yakan ce a zaɓar wa yaron mafi taushi.

Sana'ar ma ba ta daɗe ba. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa shanu suka yi tsada, inda ake yanka goma aka koma uku, jerin masu nama ya gajarta har ya zama abin tausayi. Daga baya aka shigo da amalanke, bayansa babur mai ƙafa uku, kuma ba wanda ke kiɗa a gaban babur. Samarin mahauta sun ji wa'azi cewa kiɗa ba alheri ba ne, in Wada ya taɓa musu taken kakanninsu sai su sunkuyar da kai kamar an tona musu asiri. Ya rataye kalangunsa a ƙusa, ya koma zaman benci a rumfar Dela, yana kore mata ƙuda.

Bilya kuwa yana gama abin da ya samu na karatu ya bar garin. Ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere, jirgin nan kuma wata rana ya sauke shi a kudu, ya gangara har Duwala. Can ya faɗa hannun wata Angèle, mace mai ɗan gajeren haƙuri, wadda ke da ɗakin haɗa kiɗa a bayan wani gidan hoto. Ita ta fara sa masa wani kiɗa na ƙasar Ingila da ake kira dram-an-bes. Ganguna ne ke gudu a sama, bugu ɗari da saba'in da huɗu a minti ɗaya, a ƙarƙashinsu kuma wani amo mai kauri yana tafe a hankali, rabin saurinsu, ana jinsa a ƙirji fiye da kunne. Ta koya masa yadda ake gina shi: a soma da kaɗan, a riƙa cusa ƙananan bugu a tsakanin manya, a hana mutane amon ƙasan nan har su ƙosa, a yi shiru na numfashi guda, sannan a sake musu komai lokaci ɗaya. Bilya ya riƙa jinjina kai yana cewa Turawa akwai basira. Da ya bi ubansa ko sau ɗaya daga kwata zuwa kasuwa, da ya san an daɗe ana yin haka a garinsu, da kalangu ɗaya da ƙafa ɗaya da rabi.

Abin da ya fi burge shi a kwamfuta layuka ne. Kowane kiɗa kan fito a gilashi jerin 'yan tuddai, a bayansu ga layuka tsaye, tazararsu ɗaya, kowane layi yana nuna inda ya kamata bugu ya faɗi. In makaɗi ya makara ko ya yi gaggawa, sai a yanki bugun a ja shi a ɗora kan layi, kuskure ya ɓace. Angèle ta sha gaya masa cewa wannan maganin waɗanda ba su iya ba ne, wanda ya iya kuwa a bar masa karkatarsa, don ita ke motsa ƙugu. Ya ji da kunne. Amma mutumin da ya tashi yana kunyar ɗingishi, aka miƙa masa abin da ke miƙar da ɗingishi da yatsa ɗaya, ba wa'azin da zai raba shi da shi.

Rasuwar mahaifiyarsa ce ta dawo da shi Garwa bayan shekara takwas. Ya auri Aisatu, ya buɗe shagon nan, ya tarar da ubansa ya tsufa ya ƙanƙance, kalangu na nan a ƙusa fatarsa ta tsage. Kunyar yarinta ta tafi, wata ta maye gurbinta wadda ta fi ta ciwo, kunyar cewa ya taɓa jin kunya. Ga shi ɗa ba ya zama gaban ubansa ya ce na guje maka shekara shida, ka yafe mini. Bakin ba ya buɗuwa. Sai ya nemi hanyar da ya iya. Zai ɗauki kiɗan tsohon, ya ɗora shi a kan dram-an-bes, ya aika wa Angèle, ya kai rediyo, har a ji sunan Wada a inda ba a san ma akwai Garwa ba.

Wada bai nuna murna ba, amma ya sa aka yi wa kalangun sabuwar fata, kuma ranar da aka sa ya zo shagon da rigarsa ta Juma'a. Bilya ya zaunar da shi a kujera gaban makirufo. Tsohon ya taɓa sau uku yana tsayawa, sannan ya ce shi a zaune ba ya iyawa. Dole suka fita filin bayan shago. Wada ya riƙa takawa daga wannan bango zuwa wancan yana kaɗawa, Bilya yana gabansa yana ja da baya da makirufo a hannu. Minti goma sha ɗaya aka yi. Masu gyaran babur suka ajiye guduma, mai katifa ya fito da allura a baki, gumi ya jiƙa rigar Juma'a. Bilya ne kaɗai bai ji komai ba, don hankalinsa na kan ƙarar takalmin hagu da ke jan ƙasa yana shiga makirufo, yana lissafin wahalar da zai sha kafin ya cire ta.

Da ya zuba kiɗan a kwamfuta ya dubi layuka, sai ya ga bugun bai zauna a kansu ba. Kowane bugu na uku yana bayan layi, na huɗu kuma ya matso ya kusa hawa kansa, haka tun daga farko har ƙarshe. Ya ce a ransa tsufa ne, hannun Baba ya gaza. Tausayi ya kama shi har ya yi ƙwalla, ya ƙudura cewa ba wanda zai ji wannan rauni a duniya, ba za a sake yi wa tsohon nan dariya ba muddin yana raye. Mako uku ya yi yana yanka yana ja, bugu sama da dubu biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zaunar da shi daram a kan layi. Ya share jan takalmin tas. Ya ƙara wa kiɗan sauri, ya shimfiɗa masa amon ƙasa mai girgiza ƙofa. Kwamfutarsa ƙaramin ciki gare ta, sai ya goge na asalin tunda ga gyararre, katin memorin da ya ɗauki kiɗan a kai kuma ya wanke shi ya tafi da shi ɗaukar wani biki a Maga. Duk wannan da zuciya ɗaya ya yi shi, kuma ya yi barci mai daɗi a makonnin nan.

Ranar da za a ji, bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, ya fito da manyan lasifika. Ya gayyato Dela, da Mahamman tsohon sarkin fawa wanda Wada ya yi wa kiɗa shekara talatin. Kiɗa ya soma ƙasa-ƙasa, ya haura, ya yi shirunsa na numfashi guda, ya faɗo. Samarin gareji suka yi tsalle suna ihu, wani ɗan acaba har ya tsaya da fasinja a baya. Bilya ya dubi tabarma yana murmushi. Tsofaffin uku suna zaune kamar masu zaman makoki. Kafaɗar Dela ko motsi.

Da aka gama Wada ya gyara zama ya ce, "Wa ya kaɗa wannan?"

"Kai ne, Baba. Ɗan gyara kawai na yi a inda hannunka ya makara."

Tsohon ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi ciki da baya.

"Hannuna bai taɓa makara ba," in ji shi. "Ƙafata nake jira."

Can Wada ya ce, ba tare da fushi ba, "To sa mana wanda na kaɗa, Mahamman ya ji. Ya daɗe bai ji ba."

Nan Bilya ya gane abin da ya yi. Ya yi bayanin ƙaramin cikin kwamfuta, ya yi bayanin bikin Maga, yana yi muryarsa na ƙanƙancewa. Dela ta ja mayafi ta ce ta bar tukunya a wuta. Mahamman ya nemi sandarsa. Wada ya ce babu komai, abin hannu ne, ai ana sakewa, a sa wata rana. Da ya zage shi a gaban mutane da ya fi wa Bilya sauƙi.

Aka sa wata rana, amma watan ya zo dab da azumi, lokacin da kowa ke gaggawar ɗaura aure, kuma Bilya ne mai kiɗan rabin bukukuwan unguwar. Ya ce gobe, ya ce jibi, ya ce bayan Lahadi. A gaskiya ba aikin ne kaɗai ya riƙe shi ba, nauyin haɗa ido da tsohon yake ji. Rana ta goma sha ɗaya Wada ya faɗi a wajen alwala. Ɓarin dama ya shanye, hannun kiɗa ya mutu, harshe ya karye. Wata huɗu ya yi a kwance. Bilya yakan kawo kalangun ya cusa masa a hammatar hagu, tsohon ya matse igiyoyin su yi ƙara kaɗan, ya dubi hannunsa na dama da ke yashe a kan tabarma, ya kau da kai. Ya rasu a shekarar da fitinar kan iyaka ta toshe hanyoyin shanu na arewa, kwata ta yi shiru kusan gaba ɗaya, har mahautan da suka zo jana'iza ba su cika sahu biyu ba.

Tun daga nan aikin Bilya ya juye. Da can yana ɗora bugu a kan layi, yanzu yana sauke shi. Wahalar ita ce layi ɗaya ne, gefen layi kuwa ba shi da iyaka. In ya matsa bugu na uku kaɗan, kiɗan na nan kamar inji. In ya ƙara kaɗan, sai ya zama tafiyar mashayi. Kuma ba kowane na uku ne ke makara daidai da ɗan'uwansa ba, don ƙafar da ta fito kwata da ƙarfinta ba ita ce ke isa kasuwa ba. Ya nemi abin a ƙwaƙwalwarsa, bai tarar da komai ba sai hanyar bayan makabarta da darussan lekol. Ya ɗauko wani makaɗi tun daga Ngawundere wanda ya san taken mahauta sarai, mutumin ya kaɗa shi tsaf da lafiyayyun ƙafafunsa biyu, aka sallame shi. Har ta kai Bilya ya cire takalmi ɗaya, ya ɗora buhun masara a kai, yana zagaya tsakar gida yana ɗingishi yana ɗaukar sawunsa da makirufo. Aisatu ta fito daga madafi ta gan shi, ta koma ciki ta yi kuka, don ta ɗauka kansa ne ya taɓu. Maƙwabta suka ce yana kwaikwayon ubansa da ke kabari, wasu suka daina amsa gaisuwarsa.

Masu iya gaya masa ko ya dace suka yi ta raguwa. Mahamman ya rasu. Tsofaffin masu ɗaukar nama wasu sun mutu, wasu sun bi aikin auduga, waɗanda suka rage kuwa duk abin da ya sa musu sai su ce madalla, don su rabu da shi lafiya. Dela ce kaɗai ba ta san lallashi ba, kuma ko bakinta zai yi kara, kafaɗarta ba za ta yi ba. Duk bayan 'yan watanni yakan kai mata sabon gyara a waya, ya sa mata kask a kan ɗankwali, ya tsaya yana kallon kafaɗar nan kamar mai jiran hukunci. Takan saurara har ƙarshe tana juya tukunya, ta cire ta miƙa masa ta ce, "Da saura." Wani lokaci ta ƙara masa da ƙashi mai ɓargo. Kalmomin nan biyu sun ƙona masa rai, amma su ne suka riƙe shi, don muddin akwai mai cewa da saura, to abin yana nan a wani wuri.

Da ƙarfin Dela ya ƙare, 'yarta Mairamu ta zo ta tafi da ita Tuboro inda take aure. Shekara biyu Bilya bai je ba. Yana so in zai yi wannan doguwar tafiya ya tafi da abin da ya yarda da shi. A ƙarshen kakar auduga ya samu wani gyara, na ɗari biyu da wani abu, wanda shi kansa in ya sa sai ya ji wuyansa na karkata. Ya rufe shago, ya hau motar asuba, ya yini a hanya.

Washegari da hantsi aka kai shi wajenta. Tana kishingiɗe a tabarma gindin mangwaro, ta rame ƙwarai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa gaisuwar a jere, lafiya lau, lafiya lau, har da waɗanda bai tambaya ba. Mairamu ta kira shi gefe ta gaya masa cewa tun zazzaɓin damina kunnuwan Inna suka tafi, sai an yi ihu a na hagu take tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Bilya ya tsaya riƙe da jakarsa bai san abin da zai yi da ita ba. Amma tsohuwar ta san abin da ya kawo shi. Ta nuna jakar, ta nuna kanta. Ya sa mata kask ɗin don kada ya kunyata ta, ya danna waya.

Ta rufe ido. Can kafaɗarta ta dama ta motsa.

Bilya ya dafa ƙasa, ya ƙura wa kafaɗar ido. Shekara goma yana jiran wannan. Sai dai aikinsa ya koya masa haɗa ido da kunne, kuma kiɗan na ɗan tsiyayowa daga gefen kask ɗin, yana jinsa. Ya saurara, ya duba. Kafaɗar ba ta faɗuwa tare da bugunsa. A na uku takan daɗe fiye da yadda ya taɓa zato, ta rataye a sama, ta faɗo da nauyi, sannan ta yi wuf ta cim ma sauran. A hankali ya sa yatsa ya kashe kiɗan. Kafaɗar ta ci gaba. Ba nasa take ji ba, na Wada take ji, daga kwata har ƙofar kasuwa, kuma ga shi nan a fili a gabansa, abin da ya goge, a jikin tsohuwar da ba ta jin komai.

Ya soma bin ta da yatsu a cinyarsa, ya kama, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Sai ya tuna da waya. Ya ɗaga ta don ya ɗauki hoton kafaɗar, ya manta igiyar kask na jone da ita. Igiyar ta fizgi kan tsohuwar. Ta buɗe ido ta ga waya a saitin fuskarta, ta yi maza ta ja mayafi ta rufe kafaɗa tana dariyar kunya.

"Haba, tsohuwa za ka ɗauka a haka, ko wanka ban yi ba?" Ta cire kask ɗin ta miƙa masa, idanunta sun jiƙe. "Shi ne, ɗana. Wada ne sak. Ka samo shi, sai ka huta."

Ya kai baki kunnenta na hagu ya roƙe ta ta ƙara ko sau ɗaya. Ta gane, ta yi masa kara, ta ɗaga kafaɗar ta sauke sau uku tana kallonsa. Wannan kam ɗaga kafaɗa ce kawai irin ta kowa. Ya sake sa mata kask, ta zauna tana murmushi, kafaɗar ba ta motsa ba, sannan ta ce ta gaji, a kai ta ɗaki. Mairamu ta ce in ta kwanta haka sai yamma, kuma ba kullum take gane mutane ba.

"To, Goggo," in ji Bilya. "Na gode."

Abin na nan a yatsunsa, ya san yana nan. Bai tsaya cin abinci ba, bai yi sallama ta kirki ba, ya nufi tasha yana bugun cinya, yana maimaitawa, mutane na kallonsa. Tunaninsa ɗaya, ya kai shi gaban layukan nan kafin ya zube. Bai yi dabarar ɗaukar bugun yatsun a waya ba, don yana tsoron in ya tsaya na daƙiƙa ɗaya abin zai tafi. Mota ta tashi, hanya ta kama jijjiga su. Direba ya sa waƙa, sai ga wata waƙar biki da Bilya da kansa ya haɗa shekarun baya, kowane bugu daram a kan layi. Ya roƙa a kashe, direba ya ce fasinjoji na so. Ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ya rufe ido, ya ci gaba da bugu, yana jin waƙar na jan yatsunsa zuwa nata takun, yana ƙwacewa. Haka ya riƙe har kusan rabin hanya.

A wani shinge jandarma ya leƙo ta taga ya ce kowa ya fito da katin shaida. Katin Bilya na cikin aljihun dama. Ya sa hannu ya ciro, ya miƙa, aka duba hoton aka dubi fuskarsa, aka mayar masa. Da ya mayar da hannu kan cinya, yatsun suka buga ɗaya, biyu, uku, huɗu, daidai wa daida.

Dela ta rasu kafin ruwan farko, Mairamu ce ta bugo waya ta faɗa. Bilya na nan a shagonsa tsakanin mai babur da mai katifa, gashinsa ya fara fari. Kalangun na rataye a ƙusa saman kwamfuta. In rana ta take yakan buɗe aikin, ya ja bugu na uku dama kaɗan, ya saurara, ya mayar da shi hagu kaɗan. Mai yiwuwa ma wata rana ya taɓa dacewa da shi ya wuce bai sani ba. Yanzu babu sauran wanda zai ce masa shi ne, babu kuma mai ce masa da saura.